Saƙar Gizo a Motar Surukina

Ni mutum ne da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Tun ina yaro mahaifiyata take cewa in aka ba ni ƙwai in riƙe, sai na matsa shi na ga iya ƙwarinsa. Na girma, na zama malamin makaranta a Gwandu, na yi aure har da 'ya'ya huɗu, amma halin bai bar ni ba. In na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu. In na yi rubutu a allo na ga harafi ɗaya ya karkace, layin duka nake gogewa. Na faɗi wannan tun farko ne don kada a zaci wani ne ya sa ni abin da na yi.

Surukina mutumin Kalgo ne, ɗan kasuwar shinkafa, dogo, mai ƙarancin magana. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa jin ya yi mini maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba. In na je, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai in ce, "Baba, ina wuni." Shi kuma ya dubi wani wuri can ya ce, "Lahiya lau. Ya makaranta?" Shi ke nan. Haka al'ada take, kunya ce tsakanin mutum da surukinsa, ban kuma ga laifinta ba. Abin da yake ci mini rai daban ne. In zai aiko da saƙo sai ya ce wa matata, "Ki gaya ma malaminku." Malaminku! Sauran surukansa biyu, mazan 'ya'yansa, 'yan kasuwa ne irinsa, da su yake aika shawara in zai sayi gona ko zai sayar da buhunan da ya tara. Ni kuwa mai babur da alli, ko farashin gishiri ba a taɓa tambayata ba. Ina so mutumin nan ya ɗauke ni a bakin wani abu, ko da sau ɗaya ne, kuma abin ya daɗe yana damuna.

Sai ga shekarar da zai koma aikin Hajji. Tafiyar ta faɗo farkon damina, gidansa kuwa kusa da fadama yake, in ruwa ya yi ƙarfi har tsakar gida yake shiga. Yana da wata mota baƙa wuluk da bai fi wata biyar da saye ba, irin wadda in ka tsaya a gabanta za ka iya gyara zaman hularka. Ana saura kwana biyu su tashi, matata ta dawo daga Kalgo, ta ajiye mayafi ta ce, "Malam, Baba ya ce ka je ka ɗauko motar. Ta zauna wurinka har ya dawo."

Na ce, "Wurina? Ni?"

Ta ce, "To wane malam gare ni bayan kai?"

Wai cewa ya yi mota ba ta son zama, a riƙa tayar da ita ana ɗan zagawa, kuma ya lura malaminku ba mai wasa da kaya ba ne, ya ga yadda yake riƙon babur ɗinsa. Ashe yana gani! Duk shekarun nan da yake kallon bango in ina gaishe shi, ashe ya kalli babur ɗina. Wallahi ranar ko tuwon kirki ban iya ci ba. Tuƙi dama na iya, don ni nake jan bas ɗin makaranta in direba bai zo ba. Washegari na je na ɗauko ta, na biyo ta Birnin Kebbi a hankali, masu babur suna wuce ni suna waiwaye.

Ba ni da gareji. Ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidana na ajiye ta. Wanda ya san Gwandu ya san rairayinta, in ruwa ya sauka sai ya fantsalo shi jikin komai, in ya bushe ya bar ɗigo-ɗigo. Ga tsuntsaye a sama, ga awakin unguwa masu son soshe-soshe. A jikin baƙar mota kuwa ko ƙuda ya sauka sai ka gani.

To duk mai babur a garinmu ya san abin da ake yi. Akwai tsumma a ƙarƙashin kujera, da safe ka zaro shi ka bi tanki, ka zagaya, ka zagaya, har ya ɗauki ido. Haka na gani ana yi, haka nake yi shekara da shekaru, haka kuma na yi wa motar Baba. Na samo tsohuwar singileti na yage ta biyu. In na dawo daga masallaci da asuba in goge. In zan tafi makaranta in goge. In na dawo in goge, bayan la'asar ma in sake. Busasshen tsumma a kan busasshen rairayi, ina murzawa da ƙarfina ina jin daɗi. Ranar Juma'a kuma wanka sosai, da soso da sabulun wanki da bokiti ɗaya. In soson ya faɗi ƙasa sai in kakkaɓe shi a gwiwata in ci gaba.

'Yan majalisar ƙofar gida suka sa ni gaba. Wani ya ce, "Malam, ita ma alwala take yi ne?" Wani ya ce, "A dai bar mata fata, Alhaji da fatarta ya bar ta." Ina jin su, ina cewa a raina baƙin ciki ne kawai, su da ko keken surukansu ba a ba su riƙo ba. Matata ma ba ta bar ni ba. Ta leƙo wata rana ta same ni ina hura wa madubi iska ina gogewa, ta ce, "Ko ni da aka kawo ni amarya ban ga irin wannan tarairaya ba."

Kwana ashirin da wani abu ina wannan hidima.

Washegarin Babbar Sallah abokin aikina ya zo cin nama, kamar yadda ya saba kowace shekara. Mutumin Zuru ne, Kirista, shi yake koyar da kimiyya a makarantarmu, kuma ya taɓa aikin wankin mota a Kaduna lokacin da yake karatu. An yi ruwa da safe, rana ta fito tas. Na fitar da motar daga inuwa don ya gan ta da kyau, ina jiran yabo. Ya zagaya ta da tsinken nama a hannu, sai na ga ya tsaya, ya karkata kai, ya daina tauna.

Ya ce, "Malam, zo nan. Tsaya daidai inda nake. Dubi inda rana ta faɗa a bonet."

Na tsaya na duba. Innalillahi! Kewaye da hasken ranar, wasu siraran zane ne da'ira-da'ira, dubbai, kamar saƙar gizo. Na matsa, suka bi ni. Na koma ƙofa, suna nan. Rufin sama, murfin but na baya, ko'ina. Baƙin nan mai zurfi ya koma wani fari-fari kamar an shafa masa toka.

Na ce, "Haka ta zo."

Ya ce, "Da me kake goge ta?"

Na nuna masa singiletin. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓa ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini ya ce in ji. Rairayi ne a ciki, ƙus-ƙus. Ya ce kowace zagayawa da na yi, da wannan nake kartar fentin. A inuwar dogon yaro ba a gani, shi ya sa ban lura ba. Amma ranar da Alhaji ya tsaya da ita a filin kasuwa da azahar, ko makaho sai ya shafa ya ji labari.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga gida in fito, in tsaya ta nan in tsaya ta can, ko Allah zai sa in ga sun ragu. A aji ina koyar da yara, hankalina yana ƙofar gida. Wani a majalisa ya ce man gyaɗa yana ɓoye irin wannan, na saci na girkin matata na shafe bonet. Ya kuwa ɓoye, na yi ta hamdala. Kafin la'asar duk rairayin unguwa ya manne a wurin, ga ƙudaje, motar tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Da na wanke, zanen suna nan, har na ga kamar sun ƙaru. Na yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na yi wa matata faɗa wai miya ta yi gishiri. Ta dube ni ta ce, "Miyar ba ita ta karce motar ba."

Abokina ya ce mutum ɗaya ya sani da zai iya fitar da su, wani tsohon mai fenti a Kalgo, bayan tasha. Na san shi sarai. Shi yake kula da motocin surukina tun ta farko, sama da shekara ashirin. Na yi ta juya abin a raina. In kai ta Birnin Kebbi inda ba a san ni ba, ina tsoron hannun da ban sani ba ya ƙarasa ta. In kai ta Kalgo, duk garin ya san motar wane ce. Kwana biyu ina wannan saƙa da warwara, a ƙarshe na ce gara wanda ya iya, abin da zai faru ya faru.

Rumfar kwano ce a bakin hanya, da wani tsohon janareta a gefe. Mai fentin gajere ne, gemunsa fari da ɗigon fenti kala-kala a ciki, kuma komai nasa a hankali yake yi, har amsa sallama. Ya zagaya motar hannu a baya. Ya kunna fitilar wayarsa ya haska ƙofa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam, mi ta yi maka?"

Na ce, "Baba, gyara nake yi."

Ya ce, "Na gani. Ta gyaru."

Na ce zai yiwu yau? Ya ce kwana uku. Na ce haba, ba gogewa ba ce kawai? Sai ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatu, ni da nake yi wa mutane. Ya ce a saman baƙin fenti akwai wani siririn ruwa da ake fesawa, kiliya suke ce masa, shi ne mai ƙyallin, kuma kaurinsa bai kai ledar burodi ba. Duk zanen da na yi a jikinsa suke. Ya ce, "Ba cike su mukai ba. Gefensu muke ragewa kaɗan-kaɗan har wuri ya daidaita. Abin da anka rage kuwa ba ya dawowa. In kag ga tsumma ya ɗauko baƙi, to ka wuce kiliya, ka gama aiki."

Ya fara da wanki. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, kuma bai zagaya hannu ko sau ɗaya ba, miƙe yake ja daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya raba bonet biyu da salatif, ya ɗiga man gogewa a kan soson injinsa, ɗigo huɗu kacal, ya fara bin wuri kamar faɗin faranti. Ya bi a kwance, ya bi a tsaye, ya tsaya, ya shafa da bayan hannu ya ji ko ya yi zafi, ya haska. Ya sake. Ni kuwa ina tsaye a kansa, ina cewa ga wani can, ga wani nan, a ɗan danna mana. Har ya kashe injin ya ce, "Malam, ko ka zauna ko ka tahi masallaci. Inuwarka tana tare mini haske."

Da ya ɓare salatif ɗin sai da na yi kabbara. Rabi baƙi mai zurfi kamar ruwan rijiya, rabi kuma aikina.

Kwana ukun nan a motar haya na yi su, Gwandu zuwa Kalgo, Kalgo zuwa Gwandu. Ya ce ba sai na zo ba, na kasa. In aka ɗauke wuta ya tsaya jan janareta, ji nake kamar in karɓi igiyar. In hadari ya taso ya rufe ta da leda ya zauna yana jan carbi, ni ina safa da marwa a bakin rumfa. Mutanen gari suna wucewa suna gaishe ni, wasu su tsaya su ce, "A'a, ba motar Alhaji ba ce wannan?" Ina cewa ɗan goge ta ake yi kafin ya sauka.

Rana ta uku da hantsi ya fitar da ita rana. Na zagaya sau uku, ban ga gizo ba ban ga saƙarsa ba. Ta fi yadda na karɓe ta. Sai idona ya faɗa kan wani layi guda a gefen bonet, ɓangaren direba, tsawon ɗan yatsa. Na nuna masa.

Ya ce, "Na gan shi tun ranar farko. Sa farcenka."

Na sa, farcen ya ɗan kama.

Ya ce, "Wanga tsakuwa ce cikin sosonka. Ya yi zurfi, ga shi a gefe, inda kiliya ta fi siranta. Na rage mai kaifi, iyakar abin da za a yi ke nan. Ba mai ganinsa sai mai nemansa. Ka bar shi."

Na ce to. Na sallame shi, na yi godiya har da durƙuso. Amma kafin in shiga mota na ce ya ɗan zuba mini man gogewar nan a gwangwani, wai zan gwada a tankin babur. Ya zuba. Da ya juya baya kuma na tsinci wani guntun samfefa mai laushi, takardar nan ta kankare fenti, da na ga yana jiƙawa yana bin wata motar da shi, na sa a aljihu. Ko a lokacin na san ba don babur ba ne.

An ce jirgin su Baba zai sauka jibi. Na ajiye motar, na rufe ta da tsohon zanin gado, na ce ba zan sake taɓa ta ba. Ban yi awa ɗaya ba na ɗaga zanin. Layin yana nan. Na rufe, na shiga gida, na fito na sake ɗagawa. Mota guda tana ƙyalli kamar ido, ni ba abin da nake gani sai wannan ɗan layin. Zuciyata ta riƙa ce mini ai gefen direba ne, nan zai fara dubawa in zai shiga. Ta ce tsohon nan tsoro ne da shi kawai, abin da ya rage bai fi shafa biyu ba. Ai na zauna kwana uku ina kallo, me ya yi da ba zan iya ba?

Bayan la'asar na ɗebo ruwa a kofi, na jiƙa samfefar, na shafa sau uku. Na sa man, na goge. Wallahi layin ya ragu! Na ji wani daɗi ya taso mini har wuya. Na ƙara sau biyar. Ya kusa ɓacewa, saura ɗan ƙarshensa. Na naɗe samfefar a ɗan yatsa, na danna, na bi shi, na bi shi. Na ɗauki tsumma na share don in gani.

Tsumman ya fito baƙi.

Na tsaya ina kallonsa. Na ce ƙila datti ne, na juya wani gefen na sake sharewa, ya sake fitowa baƙi. Maimakon in tsaya, sai na ƙara mai na hau murza da sauri, wai ko ƙyallin zai dawo. Da na ɗaga hannu, wurin ya dusashe kamar faɗin tafin hannun jariri, a tsakiyarsa kuma wani toka-toka ya leƙo, fentin ƙasa. Layin dai ya tafi. Daga ƙofar masallacin unguwa ma ana iya hango abin da ya maye gurbinsa.

Ashe matata tana tsaye a bakin zaure. Ta ce, "Malam, garin neman gira..." Ba ta ƙarasa ba, ta koma ciki.

Da sassafe na koma Kalgo. Mai fentin ya duba, ya shafa da babban yatsa, ya dubi aljihuna, ya dube ni. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Ya ce wannan sai feshi, bonet ɗin gaba ɗaya, kuma sai an haɗo kalar daga Sakkwato, ga damina fenti ba ya bushewa da wuri. Ko an fara yau, kwana biyar. Na ce gobe Baba zai sauka. Na roƙe shi ya shafa wani abu ya rufe, ko na kwana biyu ne.

Ya ce, "Ba ni yi ma Alhaji haka. Ka gaya mishi da bakinka. Mutum ne mai zafi, amma shina son gaskiya. Zai yi faɗa ya huce."

Na ce zan faɗa. Da gaske kuma nake a lokacin. Duk hanyar Gwandu ina tsara maganar, har na haddace ta.

Suka sauka lafiya. Kwana biyu gidan cike da 'yan barka da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. A rana ta uku na kai motar, na tsayar da ita a ƙofar gida da hantsi. Ya fito da farar jallabiya, mutane biyar ko shida a bayansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya motar yana gyaɗa kai, na ga fuskarsa ta saki, har ya ce wa na kusa da shi, "Kun gani ko?" Sai ya iso gefen direba. Ya tsaya. Ya ɗora yatsa a wurin.

Na buɗe baki ke nan, wani maƙwabcinsa ya riga ni. Ya ce, "Ai mun gan ta kwana uku a rumfar mai fenti, yana ta bin ta da inji."

Baba bai dube ni ba, kamar kullum. Ya ce, "An kai ta wurin mai fenti?"

Na ce, "E, Baba. Na ga ta ɗan dusashe, na kai a goge."

Ya ce, "Shi yay yi wanga?"

Kaina yana ƙasa. Maganar da na haddace tana nan a bakina, kalma biyu ce farkonta, ni ne. Na ji idon mutanen nan a ƙeyata. Na tuna fuskarsa da ta saki yanzun nan. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ci gaba da kallon ƙasa. Suruki in ya sunkuyar da kai ya yi shiru, wa zai ce ba kunya ba ce? Wani ma cewa ya yi, "Allah sarki, malam ba ya son ya tona tsohon."

Baba ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Ya ce, "A kai ni."

Daga gidan zuwa bayan tasha bai fi tafiyar minti biyar ba. Na ce a raina in mun fita layin zan faɗa. Muka fita. Na ce in mun wuce masallaci. Muka wuce.

Mai fentin yana tsugune yana haɗa kala. Ya taso da fara'a yana "Maraba da Alhaji, an sauka lahiya?" Baba ya fita, ni ma na fito na tsaya a jikin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna wurin ya ce shekara ashirin yana kawo masa mota bai taɓa tambayarsa me ya yi mata ba. Ya ce tsohon ya ga baƙon ido ne, ya ga malamin makaranta wanda bai san kan mota ba, shi ne ya ƙona fenti ya miƙa masa ya yi shiru. Ya ce ɓarnar ba ta dame shi ba kamar shirun.

Tsohon ya ɗago ya dube ni ta saman kafaɗar Baba. Ba harara ba ce, jira yake. Ya ba ni lokaci mai yawa, Allah ya sani ya ba ni. Ni kuwa na sa ido a kan tayar gaba kamar an ce in ƙirga zanenta.

Sai na ji ya ce, "Alhaji, mota a hannuna ta kwana. A yi haƙuri."

Baba ya ce, "Na haƙura. Amma mun gama."

Muka juyo. Ban dubi madubi ba. Mun kusa gida sai na ji ya yi gyaran murya a bayana, ya ce, "Ɗana." Sai da na kusa taka burki. Ya ce, "Ka riƙe amana, Allah ya yi maka albarka. Ban ce ka kai ta gyara ba, kai ka ga ya dace. Ka nemo wani mai fenti a Birnin Kebbi, wanda hankalinka ya kwanta da shi. Na bar maka."

Na ce, "To, Baba."

Abin da na shekara goma sha ɗaya ina jira ke nan, na same shi a cikin mota.

Na kai ta Birnin Kebbi aka fesa, ta yi kyau. Tun daga nan Baba ba ya sayen gona sai an tambayi ra'ayina. Mutanen da suke bin bayansa su ma suka janye motocinsu daga rumfar bayan tasha, don a Kalgo in Alhaji ya bar wuri ba a tambayar dalili. Matata ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai in mahaifinta yana yabona a gabanta takan tashi ta ce za ta duba tukunya. Sau nawa na shirya zan faɗa masa! In ce bayan Sallah, in ce in ya warke daga ciwon ƙafa, in ce in mun keɓe. Bara ya rasu yana yi mini kallon mutumin kirki, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Mai fentin yana nan. Yanzu yawanci tankunan babur da ƙofofin gida yake fesawa. Hanyar gidan surukaina ta gaban rumfarsa ta bi, babu wata. Duk ranar da na wuce, shi yake fara ɗaga mini hannu.